Garwashi a Randar Gwaggo Tabawa

Kwanan baya wasu 'yan mata biyu suka yi sallama a gidanmu, ɗalibai ne, suka ce sun zo in koya musu yin labarin kaset. Ƙaramar ta ce, "Anti Rabi, ai ba wani abu ba ne, ko? A danna jan maɓalli, a yi ta zuba." Na ce mata kusan haka ne. Na ɗebo musu ruwa a randar da ke ƙofar ɗakina, suka sha, suka yaba sanyinsa, suka tafi ban koya musu komai ba. Ni bakina ya fi buɗuwa in ba a kallona. Shi ya sa na zauna na rubuta musu wannan, su karanta kafin su taɓa maɓallin.

Kaset ɗina na farko a ɗakin ajiyar hatsi na yi shi. Lokacin ba a daɗe da mayar da Dutse babban birnin jiha ba, an taso da Baba daga Kano tare da sauran ma'aikata, ni kuma na gama sakandare ina zaune. Unguwarmu cike take da matan da aka kwaso daga garuruwansu, ba su san kowa ba, sai rikoda ke taya su hira. Na rataya bargo a ƙofa, na jingina da buhunan gero don suna shanye amsa-kuwwa, na ɗora rikodar Baba a kan kifaffen turmi. Sau huɗu ina farawa. Na farko akuya ta yi kuka. Na biyu maƙwabta suka fara daka. Na uku ni ce harshena ya harɗe ana saura kaɗan in gama. Daga nan na gane cewa a yini guda lokaci ɗaya ne mai amfani: bayan yara sun tafi makaranta, zakaru sun gaji, kafin a sa taɓarya a turmi. In ya wuce ki, sai gobe.

Kayan aikin ba su cika ƙaramin kwando ba. Biro na naɗe zare, don mayar da kaset baya da rikoda cin batir ne. Reza da jan farce na ɗinke zaren in ya tsinke: a yanka shi a karkace, a ɗiga ɗigo ɗaya, a danne a yi numfashi goma. Auduga a kan tsinke ta goge kan rikoda. Sai batir, kuma shi ne abin tsoro. Ba na ɗauka da wutar lantarki, don tana sa wani gurnani a ƙarƙashin murya, ga shi ana iya ɗauke ta kina tsakiyar magana. Batir kuwa in ya yi sanyi kina ɗauka ba zai gaya miki ba. Sai kin gama kin sa sabo, ki ji muryarki ta koma ta ɓera, tana gudu. In kuma wajen saurare ya yi sanyi, sai muryar ta ja, ta yi kauri, kamar mai magana daga ƙasan rijiya.

In na gama, Baba ne ke ɗaukar uwar kaset, wato wanda na ɗauka da bakina, ya biya da shi rumfar Malam Sabitu a kasuwa. Malam Sabitu yana da babbar rikoda mai baki biyu. Ya sa uwar a baki ɗaya, sabon kaset a ɗayan, ya kwafa da gudu, ya rage sauti yana hira da masu saye. Ban taɓa ganin masu sayen da idona ba, sai dai saƙonsu. Matan gida suna son a daɗa waƙa. Direbobin hanyar Ringim suna son labari mai tsawo da zai kai su ya dawo da su. Wani makiyayi da ke rataya rikodarsa a kafaɗa ya aiko a gaya mini saniyar da na yi a labari ba haka take kuka ba, kuma gaskiyarsa.

Wadda ta koya mini aikin ba ta taɓa danna maɓallin rikoda ba. Gwaggo Tabawa, yayar Baba, maginiyar tukwane ce a wani ƙauye a gefen Aujara. Duk hutu can ake kai ni. Tana gini tana ba da tatsuniya, hannunta na zagaya bakin randa, ni ina miƙa mata yumɓu. Ranar da na kunna mata kaset ɗina na farko, ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke wa ya biyo ki? Kina gudu kamar mai tuwo a wuta. In kin kai wurin tsoro ki tsaya. Ki bar su su ji shi tukuna." Ita ta nuna mini yadda ake yin sauti a labari: faifai yana yin fikafikai, tsakuwa a ƙwarya tana yin ruwan sama, yayyafi a kan garwashi yana yin huci. Kuma ita ta hana ni fara tatsuniya da rana ba tare da an ɗaure Gizo ba. Kafin ta ce "Ga ta nan," sai ta ƙulle bakin zaninta. In ta ce "Ƙurunƙus," ta kwance. Na ce mata a makaranta an ce mana camfi ne. Ta ce, "To, camfin ne ke tuna mini ban gama ba."

Garwashi kuwa, dodon labarina, a jikin filas ɗin shayin Mama na same shi. Irin na ƙasar Sin ne, ja, da zanen wata halitta mai jikin maciji da ƙafafu huɗu, wuta na fita daga bakinta. Tun ina ƙarama nake kallon zanen, kuma ban taɓa ganin mugunta a idonsa ba, sai na ga kamar neman wani abu yake. Na daɗa masa fikafikai, na ba shi kogo a duwatsun bayan gari, na sa masa suna.

Ga yadda labarin yake. Garwashi dodon wuta ne, shi kaɗai ya rage a jinsinsa. Ba ya cin mutum, ba ya cin dabba. Ƙishirwa ce ke damunsa. Duk tafkin da ya sunkuya a kai, kafin harshensa ya taɓa ruwan ya ƙafe, kifaye sun bushe, sai ya koma kogo da kunya. Wata tsuntsuwa ta taɓa yin sheƙa a kusa da shi, ya yi mata barka da kwana, sheƙar ta zama toka. Tun daga ranar yake kwana da bakinsa a jikin dutse. Sai ya ji labarin wata tsohuwa da ke sa kayanta a wuta su fito da ƙarfi. Ya je ya same ta ranar gashin tukwane, ya tsaya nesa, ya tambaye ta ko akwai abin da ba ya tsoronsa. Ta ce, "Randa. Ta riga ta ga wutar da ta fi taka." Ya ƙanƙance kamar ƙadangare, ya shiga. Ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan, ya sha, karo na farko a rayuwarsa, barci ya kwashe shi. Da safe tsohuwar ta kasa tuna wace randa ce, don duk kamarsu ɗaya. Ta kai su kasuwa, wata mata ta sayi wadda yake ciki.

Wannan rabin labarin ke nan da ɗan ƙari. Ƙarshensa yana nan tafe, don a ƙarshen ne abin ya same mu.

Na gwada muryar Garwashi da bakina, da kwano, da bokiti, ba ta fito ba. Sai na roƙi Gwaggo. Ta zo Dutse ta kwana uku. Ta durƙusa a ɗakin hatsi, ta sa kanta a cikin randa, ta ce, "Ƙishirwa nake ji." Murya ce mai zurfi, mai taushi, kamar ƙasa ce ta yi magana. Ita ta yi dodon, ita kuma ta yi tsohuwar. Da muka zo wurin kasuwa, na ce ta yi kira kamar yadda take yi a gaske. Ta ɗaga murya: "Randa mai sanyi, ginin Tabawa!" Ni kuma na ambaci kasuwar Aujara da sunanta. So nake labarin ya yi ƙamshin gaske. Wannan kuskure na ɗaya.

Na biyu ya fi ƙanƙanta. Duk kaset ɗin da na taɓa yi mai minti sittin ne, haka muka saba da Malam Sabitu. Labarin Garwashi ya ƙi shiga sittin, ni kuma na kasa yanke masa komai. Na sa aka sayo mini mai casa'in. A ido duk ɗaya suke. Na manna farar takarda a jikinsa na rubuta sunan labarin da ado, takardar ta rufe lambar. Ban gaya wa Baba ba, ban aika wa Malam Sabitu ba. Ban ma yi tunanin akwai abin faɗa ba.

Shekarar da aka ƙaddamar da shari'a ce. Kowa yana takatsantsan. Masu rumfa sun kwashe kaset ɗin kiɗa daga gaba, sun jera na wa'azi da karatu. Malam Sabitu ya ce nawa ba kiɗa, ba batsa, labarin yara ne, ba abin da zai same shi. Saƙo ya riƙa zuwa cewa Garwashi ya fi duk na baya tafiya, har an ce mutane na tambayar kashi na biyu. Na yi mamaki, don ni na san na gama labarin, amma na ɗauka daɗinsa suka ji. Lokacin na shiga kwalejin horar da malamai, karatu ya sha mini kai, ban bi ba'asi ba.

Wata Talata da hantsi ina shanya, sai ga Gwaggo ta shigo da randa a ka. Ba wanda ke ɗauko randa a motar haya tun daga Aujara. Ta sauke ta a ƙofar ɗakina, ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba.

"Gwaggo, lafiya? Randa daga can har nan?"

"Taki ce. Tunda ke kika sa mata mai gida, sai ki zauna da shi."

Na shimfiɗa mata tabarma. Baba ya fito, don ranar bai je ofis da wuri ba. Ya ce, "Yaya, me ya faru?"

Ta ce kasuwa uku ke nan ba ta sayar da ko kasko ba. Da farko wasa ne. Yara su zo su leƙa randunanta su ce "Garwashi, fito," su gudu. Ita ma tana dariya. Sai wata mata, Ladidi, ta sayi randa, ta kai gida ta zuba ruwa, ta ji tana tsuwwa a hankali. Duk sabuwar randa haka take yi in ta fara shan ruwa, kowace mace ta sani, amma 'ya'yan Ladidi sun haddace kaset ɗin, suka ƙi sha, suka ƙi kwana a ɗakin. Ta mayar da randar a gaban mutane. Daga nan magana ta sauya. Aka ce Tabawa na ajiye iska a cikin gininta. Aka ce an ji muryar iskar a kaset, kuma ita da bakinta ta kira sunanta, ba ta ko ɓoye ba. Wasu suka fasa randunan da suka shekara suna shan ruwa a ciki. Samarin kwamitin da ke sa ido kan tarbiyya a ƙauyen suka kai magana wurin mai unguwa. An ce ta bayyana ranar Alhamis, a gaban liman.

A shekarar nan, a ce tsohuwa na tsafi ba ƙaramar magana ba ce. Ba ciniki kaɗai ba. Wa zai ci abincinta, wa zai aiko mata 'yarsa koyon gini, wa zai tsaya kusa da ita a gidan makoki?

Na ce, "Amma Gwaggo, ai ya fita! A ƙarshe ya fita daga randar, ke kika yi muryar!"

Ta ce, "A naki kaset ɗin ya fita. A nasu yana ciki."

Baba ya hau babur ya je kasuwa ya karɓo guda daga cikin na sayarwa. Wata uku ana sayar da shi, ranar na fara sa shi a rikoda. Muka juya shi, muka zauna mu uku. Muryata na cewa, "Matar nan ta ɗauki randa ta ɗora a ka, ta kama hanyar gida, ba ta san cewa..." Sai ƙwas. Maɓalli ya tashi. Zare ya ƙare.

Baba ya koma kasuwa, ya dawo ya ce ashe a kan mai sittin aka kwafa. Ya ce Malam Sabitu ya dafe kai ya ce, "Wallahi Alhaji ni da gudu nake kwafa, ba na ji. Shekara nawa tana kawo mai sittin? Me ya hana a gaya mini?" Amsar tana wurina.

Gwaggo ta jawo bakin zaninta ta nuna mini. A ƙulle yake. Ta ce, "Ranar da muka gama na kwance. Da na ji ashe a gidajen mutane ba a rufe tatsuniyar ba, na sake ɗaurewa."

Laraba duka ina ɗakin hatsi da uwar kaset. Na saurari ƙarshen, na mayar, na sake saurara, ina neman daidai wurin da nasu ya yanke don in fara daga nan. Na sa aka sayo sababbin batura, na ajiye su a kan turmi. Ranar Alhamis da sassafe muka fita neman mota, ni da Baba da Gwaggo. Na ɗauki rikoda, na ɗauki kaset, na ɗauki biro da reza da jan farce ko zare zai tsinke.

Zauren mai unguwa ya cika. Maza a ciki, mata da yara a waje sun yi dafifi a bakin ƙofa. Mu muka durƙusa a gefe. Liman tsoho ne ƙwarai, ba ya gani sosai, yana juya kunne wajen mai magana. Shugaban samarin, Malam Nura, malamin firamare ne, kuma ba da izgili ya zo ba. Ya ce su ba sa son zaluntar kowa, amma mata sun tsorata, yara ba sa shan ruwa, kuma ga abin da ke cikin kaset. Ya kunna nasu. Muryar Garwashi ta cika zauren, sannan kiran Gwaggo da sunanta, sannan ƙwas.

Baba ya yi bayanin sittin da casa'in. Na ga ba kowa ya gane ba. Mai unguwa ya ce, "To a kunna mana cikon."

Na danna. Muryata ta fara daidai, sai na ji ta soma ja. Sababbin baturan suna can Dutse a kan turmi, waɗanda ke ciki na cinye su jiya. Kafin in kai hannu, aka zo wurin maganar Garwashi. Muryar da ta riga ta yi zurfi ta ƙara nutsewa, ta miƙe, ta koma wani gurnani da ni kaina ban taɓa ji ba. Wata mata a waje ta ce, "A'uzu billahi!" Yara suka watse. Na kashe.

Ina jin kukan kurciya a kan bishiyar waje. Ban iya ɗaga kai ba. Na zo in wanke ta, na ƙara mata.

Liman ya yi gyaran murya. "Wa ke magana a cikin abin nan?"

Gwaggo ta ce, "Ni ce, Allah ya gafarta Malam."

"Ke, Tabawa? Na san muryarki tun kina amarya. Ba haka take ba."

"A cikin randa na yi."

"To a kawo randa."

Aka je gidanta aka ɗauko guda daga cikin waɗanda suka ƙi sayuwa. Aka girke ta a tsakiyar zaure. Na kalli Gwaggo. Mace ce mai jikoki, waɗannan mutanen abokan marigayi mijinta ne da 'ya'yansu. A ɗakin hatsinmu wasa ne. A nan kuwa sai ta durƙusa a gabansu ta cusa kai a randa kamar yarinya. Ta gyara mayafinta, ta ja gwiwa, ta dafa bakin randar da hannu biyu, ta sunkuya.

"Ina kwananku?" in ji Garwashi.

Wani dattijo a baya ya amsa, "Lafiya lau," kafin ya ankara. Dariya ta ɓalle, har mai unguwa ya rufe baki da hannun riga. Gwaggo ta ɗago, ba ta yi dariya ba.

Malam Nura ya ce, "Mun ga wannan. To tsuwwar fa?"

Gwaggo ta ce, "Ɗana, je ka tambayi mahaifiyarka. Randar da ta yi wankan jegonka da ruwanta ni na gina, ita ma ta yi tsuwwar. Ƙasa ce ke shan ruwa."

Na ɗauka an gama. Sai murya ta fito daga cikin mata, Ladidi ce, wadda ta mayar da randa. "Allah ya gafarta Malam, ni duk na ji. Amma yarana ba za su tambaye ni sittin da casa'in ba. Ya fita ko bai fita ba?"

Liman ya juyo da kunnensa wajena. "'Yata, ke kika shigar da shi?"

"Ni ce."

"To fitar da shi."

Ban taɓa ba da labari a gaban fuska ba. Ko Mama in ta leƙo ɗakin hatsi sai in kashe rikoda. Na kafa ido a kan saƙar tabarma, na fara daga inda zare ya yanke. Na yi gudu. Sai na ji Gwaggo ta ce a hankali, "Wa ya biyo ki?" Na tsaya, na ja numfashi.

Matar ta kai randa gida, ta girke a ɗaki. Garwashi ya farka ya ji muryoyin yara, ya ga rufin ciyawa ta bakin randar. Ya san in ya yi numfashi ɗaya gidan ya tafi. Sai ya riƙe. Kwana ɗaya, kwana biyu, har kwana bakwai, ƙirjinsa kamar zai tsage. A nan na yi shiru, kamar yadda aka koya mini, na ji yaran da suka gudu sun dawo bakin ƙofa. A rana ta bakwai ƙaramar 'yar gidan, mai zazzaɓi, ta rarrafo ta jingina kumatunta da randar. Garwashi ya ji zafin jikinta. Ba shi da sauran ƙarfin riƙewa. Ko ya fitar, ko ya ja.

Gwaggo ta sunkuya cikin randar ba tare da na ce mata komai ba. "Ban taɓa gwada ja ba," in ji Garwashi.

Ya ja. Ya zuƙe zafin jikin yarinyar, ya zuƙe zafin ruwan, ya zuƙe na ɗakin duka. Sannan ya fito ta bakin randa siriri kamar hayaƙi, ya bi ta tsakanin ciyawar rufi ko tsinke bai ƙona ba, ya yi sama, ya yi sama, sai da ya shige gajimare sannan ya saki. Mutane suka ga walƙiya a gabas. Ruwa ya sauko, Garwashi ya buɗe baki ya sha har ya ƙoshi. Can yake har yau, ba ya saukowa. Abin da ya bari a randa sanyi ne kawai, da ɗan ajiyar zuciyar da take yi in ta tuna da shi.

Na ce, "Ƙurunƙus."

Liman ya ce a kawo ruwa. Aka juye tulu guda a cikin randar, kowa na ji ta fara tsuwwarta a hankali. Ya miƙa hannu aka ba shi moɗa. Ya yi bisimilla, ya sha, ya tsaya yana taunar bakinsa.

"Bai yi sanyi ba," ya ce. "Sabuwa ce, sai ta kwana biyu. A kai mini ita gida."

Hukuncin gajere ne. Babu tsafi, kuma duk wanda ya sake jifan Tabawa da wannan magana ya zo ya same shi. Amma kada a ƙara sa muryarta ko sunanta a kaset, kada a ƙara sa sunan garin mutane a labarin ƙarya, kuma a bi guntayen kaset ɗin nan a musanya su da cikakku. Malam Nura da kansa ya ce zai bi gidajen ƙauyen, kuma ya bi. Ladidi ta zo da yamma ta ɗauki wata randar, ta ce waccan dai ta farko ba ta so.

Malam Sabitu ya kwafa a kan mai casa'in, ya sa sanarwa a rumfarsa. Na ƙauyen sun dawo, na Dutse da yawa sun dawo. Amma direbobi sun tafi da wasu inda ba mu sani ba, makiyaya sun yi kudu da wasu, an kuma kwafi wasu daga wasu. Cinikin Gwaggo ya farfaɗo a hankali, bai koma kamar da ba, don a tsakanin nan mata da yawa sun sayi robar ruwa sun saba da ita. Ana gaishe ta, ana aiko mata 'ya'ya. Ba ta ƙara sa kanta a randa ba, ko don jikokinta. Na yi labarai da yawa bayan nan, babu dodo a ko ɗaya, don ba ni da muryar da zan ba shi.

To, 'yan mata, abin da zan iya koya muku ke nan. In an kwafi aikinku, ku aika a karɓo guda daga rumfa, irin wanda baƙo zai saya, ku zauna ku saurara har maɓalli ya tashi da kansa. Kada ku ce kun san abin da ke ciki.

Da ƙaramar salla na je gaishe da Gwaggo. Ta buɗe akwatinta za ta ba ni turare, sai na hango zanin nan a ninke a ƙasa, ƙullin yana nan a bakinsa. Na ce, "Gwaggo, ai an gama. A gaban kowa na rufe ta."

Ta mayar da murfin akwatin. Ta ce, "A nan kika rufe. Akwai gidan da yarinya ke kallon randa har yanzu, bai fito ba."